Fuskokin da tawada ta haɗiye: nazarin aikin wata mai sa launi a Yamai

Ranar da aka sauke kwalayen daga maɗaba'a ina cikin waɗanda suka fara buɗe su, domin ni na rubuta maganganun da ke cikin littafin da Hausa. Ɗan littafi ne mai shafi 24, irin wanda ake ba da labari da zane gida-gida, wanda 'yan boko a Yamai suke kira bede, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta ɗauki nauyinsa don a raba wa iyaye mata a karkara kafin faɗuwar damina, a kan zazzaɓin cizon sauro da alamomin da ke nuna cewa lokacin kai yaro likita ya yi. Shafukan farko ba su tayar wa kowa da hankali ba, ko da yake sun fi yadda muka gan su a kwamfuta duhu. Da muka kai shafi na 14, inda labarin ya shiga dare, sai ofishin ya yi tsit. Fuskar uwar da ke duba ɗanta a cikin gidan sauro ta koma dunƙulen baƙi, ba a ganin komai a cikinta sai farin ido, shuɗin daren ya rikiɗe ya zama toka mai dauɗa, wasu shafukan kuma sun manne da juna saboda an ninke su tawada ba ta gama bushewa ba. Shugaban aikin ya ajiye littafin a kan tebur, ya yi tambaya guda ɗaya: wa ya sa launin nan?

Wata biyu aka yi ana wannan aiki, ba a taɓa yin tambayar nan ba sai ranar. Sunan mai sa launin ba ya kan bango, ba ya kuma shafin ciki inda aka jera sunan ƙungiya da na mai zane da nawa da na maɗaba'a. An yi tuya an manta da albasa, sai da tuyar ta ƙone aka tuna da ita. A nan ma ba zan faɗi sunanta ba, amma wannan karon bisa roƙonta ne. Abin da nake son bin diddiginsa shi ne yadda laifi ya bi hannu-hannu har ya sauka a kan wadda ta fi kowa ƙarancin iko a cikin aikin, da kuma abin da ta yi da laifin bayan an ɗora mata shi, domin daga nan ne sana'arta ta canza hanya.

Daga rumfar dukanci zuwa kwamfuta

'Yar garin Tawa ce, shekarunta ba su kai talatin ba a lokacin. Mahaifinta baduku ne, a rumfarsa ta fara sanin cewa ja daga karan dafi yake fitowa, rawaya daga gangamau, kuma fatar akuya da ta tunkiya ba sa shan rini iri ɗaya ko da a tukunya ɗaya aka tsoma su. Tawa kuwa gari ne da zane ba baƙo ba ne a cikinsa, tun da a can Moustapha Alassane ya yi zamansa na shekaru masu yawa, mutumin da tun 1966 ya yi fim da zanen kwaɗi yana yi wa masu mulki shaguɓe, ya rasu a 2015. Ta ce ba ta taɓa zama gabansa ba, amma kasancewar akwai dattijon da gari ke girmamawa saboda zane ya rage mata gardama da mutanen gida lokacin da ta ce abin da take so ke nan.

Da ta zo Yamai sai ta kama aiki a wani shago da ke tsara katin gayyatar biki da kalanda da allunan talla. A can ta iya Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ta tara kuɗi ta sayi ɗan allon zane na gwanjo mai alƙalamin lantarki. Wani mai zane da ya kawo hotonsa a gyara masa ya lura cewa ta canza masa launin sararin sama ba tare da ya ce ba, kuma canjin ya fi nasa kyau, sai ya ba ta shafi biyu ta gwada. Ta ƙofar baya ke nan ta shiga sana'ar, ba makaranta, ba ubangida, sai bidiyon koyarwa da take saukewa da dare idan intanet ta yi sauƙi. Littafin zazzaɓin shi ne babban aikinta na farko da za a buga da yawa a injin ɗab'i na gaske.

Mutane da dama suna ɗaukar sa launi kamar aikin 'yan firamare ne, a ba ka zane ka cike gurabe. Matakin farko kam ya yi kama da haka. Mai zane yakan miƙo shafi baƙi da fari, mai sa launi ya bi kowane sashe ya cike shi da launi ɗaya lafiyayye marar inuwa, riga dabam, fuska dabam, bango dabam, yana tabbatar da cewa launin ya ɗan kutsa ƙarƙashin baƙin layi don kada fari ya leƙo idan inji ya goce. Ita shimfiɗa take kiran wannan mataki, kuma shafi mai cunkoson mutane yakan ci mata awa biyu zuwa uku. Bayan shimfiɗa ne ainihin aikin yake farawa, inda sai an yanke shawara daga ina haske yake fitowa, wane lokaci ne na yini a cikin labarin, kuma wane abu ake son ido ya fara sauka a kansa idan an buɗe shafin.

A littafin nan shawarwarinta sun nuna cewa ta san waɗanda za a ba shi. Da yawa daga cikin matan ba sa karanta boko, saboda haka rubutuna ba zai amfane su ba sai in wani ya karanta musu. Sai ta ba uwar labarin kallabi rawaya, ta hana wannan rawayar bayyana a jikin kowa ko a kan komai a duk shafukan 24, ta yadda ko a cikin taron kasuwa ido zai tsinto ta nan take. Ƙasa ta yi ta ja mai tsakuwa irin ta Adar, yankin da garin Tawa yake. Sararin sama ta yi shi fari-fari mai ƙura kamar yadda yake a bazara, ta guje wa shuɗin nan tas na hotunan kalanda. A shafi na 16 kuma akwai gida ɗaya da launi ne kaɗai yake ɗauke da saƙonsa: tafin hannun yaro mai lafiya kusa da tafin hannun yaron da jininsa ya yi ƙasa, ɗaya ja-ja, ɗaya ya koɗe. Koɗewar tafin hannu alama ce da ma'aikatan lafiya suke dubawa da gaske. A bugun da aka kawo mana, hannayen biyu launi ɗaya suka fito, kuma wannan gida ɗaya ya isa ya sa a ce littafin ba zai rabu ba.

Sana'ar da aka saba ɓoye mai ita

Abin da ya same ta tsohon ciwo ne a wannan sana'a, har a ƙasashen da ta samo asali. A Amurka, shekaru da dama masu sa launi suna aiki da launi 64 kacal, saboda tawada uku ce ake haɗawa, kowace kuma mataki huɗu gare ta, wato babu, ko kashi 25, ko 50, ko 100. Mai sa launi yakan shafa ruwan rini a kan kwafin zanen ya rubuta lambobin haɗi a gefe, sannan wasu ma'aikata a wata masana'anta dabam, yawancinsu mata, su bi lambobin su ware launukan da hannu. Launin ƙasa-ƙasa yana bukatar tawadar uku duka, don haka zaɓinsa kaɗan ne, shi ya sa baƙar fata a tsofaffin littattafan nan sau da yawa takan fito toka-toka. Ko shahararren Hulk ma, ƙaton nan na littattafan zanen Amurka, toka aka yi shi a fitowarsa ta farko a 1962, Stan Goldberg ne mai sa launin, amma maɗaba'a ta kasa riƙe tokar iri ɗaya daga shafi zuwa shafi, sai aka mai da shi kore daga fitowa ta biyu. Launin da duniya ta san shi da shi ke nan, kuma gazawar inji ce ta zaɓe shi.

Batun suna kuwa, sai a farkon shekarun 1970 kamfanin Marvel, mai fitar da littattafan Hulk, ya fara rubuta sunan mai sa launi a cikin littattafansa. A Beljiyam, ɗakin aikin da mai zane Hergé ya kafa a 1950 yana da masu sa launi ƙarƙashin jagorancin Josette Baujot, amma sunan Hergé kaɗai ke kan littattafansa na Tintin. Nine Culliford ce ta zaɓa wa ƙananan halittun nan da ake kira Schtroumpfs, waɗanda mijinta, mai zane Peyo, ya ƙirƙira a 1958, launinsu shuɗi, ta yi shekaru tana sa musu launi, kaɗan ne suka san da ita. Kwamfuta ta ɗaga darajar aikin bayan Steve Oliff ya yi amfani da ita wajen sa wa Akira, wani labarin zane na Japan, launi a bugun Amurka daga 1988, kuma a 1992 aka fara ba da kyautar Eisner, babbar kyautar littattafan zane ta Amurka, ga gwanin sa launi, shi ne ma ya fara karɓa. Duk da haka sai a 2014 kamfanin DC, babban abokin gogayyar Marvel, ya sanar da cewa zai riƙa sa sunan mai sa launi a bango ya kuma ba shi kaso daga ciniki. Idan can aka ɗauki wannan tsawon lokaci, ba abin mamaki ba ne a ce a Yamai, inda yawancin irin waɗannan littattafai ƙungiyoyi ne ke ba da kwangilarsu, ana lissafa mai sa launi cikin kuɗin mai zane, shi ya san yadda zai sallame ta. Haka aka yi a aikinmu, kuma abin da ya isa hannunta bai kai rabin na mai zanen ba.

Abin da ya faru tsakanin kwamfuta da takarda

A taron farko bayan zuwan kwalayen, an yanke shawarar riƙe ragowar kuɗinta. Mai zanen ne ya nemi a ba mu kwana uku mu binciki abin, ni da shi da ita. Abin da muka gano ya kasu tsakanin hannaye huɗu ko biyar.

Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda ba ta da hasken kanta, tawada huɗu ake ɗora mata ɗigo-ɗigo, kowace daga nata farantin: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, waɗanda masu ɗab'i a nan suke taƙaitawa da haruffan CMJN. Dole ne a juya aikin daga tsarin haske zuwa tsarin tawada, kuma wanda ya juya shi dole ya san takardar da za a buga a kai. Ita ba ta juya ba. Jami'in ofis ya ce mata ta turo hotunan kawai, sai ta manne baƙin layin mai zane da launukanta wuri ɗaya ta aika. A maɗaba'a wani yaro ya danna maɓalli kwamfuta ta juya su da kanta, bisa ma'aunin takarda mai sheƙi. A tsakanin nan kuma ofis ya riga ya canza shawara don rage kuɗi, an koma takarda marar sheƙi, irin ta littafin rubutun 'yan makaranta, ba wanda ya gaya wa mai sa launi, domin ba wanda ya ga dalilin gaya mata.

Takarda marar sheƙi tana shan tawada, ɗigon yana bazuwa a cikinta, har wurin da aka nufa tawada ta rufe rabinsa sai ka tarar ta rufe kusan kashi 70 cikin 100. Sannan akwai iyakar nauyin tawadar da takarda za ta iya ɗauka a wuri ɗaya. Idan aka tara kason tawada huɗun, ƙarshen lissafi 400 ne, takarda mai sheƙi tana ɗaukar wajen 300, marar sheƙi ƙasa da haka. Fuskar baƙar fata a cikin duhun dare ita ce wurin da tawada huɗun duka suke haɗuwa da nauyi, kuma da muka auna inuwar kumatun uwar a shafi na 14 mun tarar ta haura 300. Shi ya sa fuskar ta cushe, shi ya sa shafukan suka manne. Baƙin layin ma, da yake an manne shi da launi, ya fito daga faranti huɗu maimakon ɗaya, saboda haka duk inda inji ya ɗan goce sai rubutuna ya yi inuwar ja a gefe kamar mai ciwon ido ne ke kallonsa.

Akwai kuma wani abu da ba ta yi la'akari da shi ba. A bazara aka yi aikin, lokacin da wuta ta fi ɗaukewa a Yamai, don haka yawancin shafukan dare da dare ta yi su, a ɗaki mai duhu, fuskar kwamfutarta kuma a ƙure da haske. A irin wannan yanayi inuwa mai duhu takan yi kamar akwai sarari a cikinta. Ita tana ganin hanci da leɓe da layin damuwa a goshin uwar, waɗanda ko a takarda mai kyau da ƙyar za su tsira.

Saura takardar amincewa, wadda maɗaba'u a ƙasashen da ke aiki da Faransanci suke kira BAT, wato gwajin da mai aiki yake sa wa hannu kafin a tayar da inji. An sa mata hannu, amma a kan gwajin da aka fitar daga ƙaramin injin ofis a takarda mai santsi, wanda bai da alaƙa da abin da babban inji zai yi. Ni ma an nuna mini shi, na duba ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa na ga duk suna nan, na ce ba matsala. Laifi tudu ne, kuma nawa tudun ke nan. Mai sa launin ita kaɗai ce a cikinmu za ta iya kallon gwajin ta tambayi takardar da aka fitar da shi a kai, ita ce kuma kaɗai ba a kira ba.

A ganina tana da nata kason laifi, kuma ba ƙarami ba ne: wanda ya ɗauki aikin da zai ƙare a takarda, wajibinsa ne ya tambayi wace takarda ce, ko da ba a gaya masa ba. Amma riƙe kuɗinta ita kaɗai zalunci ne, tun da an ɗora mata alhakin sakamakon da aka hana ta ganin hanyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A taro na biyu shugaban aikin ya amince da bayaninmu, ya ce za a sake bugu, amma ya zo da maganinsa. Ya ce mata, "Malama, abin mai sauƙi ne, ki haskaka fuskokin gaba ɗaya, kowa ya zama wankan tarwaɗa ko ma ya fi haka haske, sai mu huta." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, in na haskaka su yadda kake so, matan da za a ba littafin ba za su ga kansu a ciki ba. A ba ni sati biyu, a kuma bar ni in shiga maɗaba'ar." Ba da wata niyya ya faɗi maganarsa ba, hanya mafi kusa ya hango. Sai dai wannan hanya mafi kusa ita ce dalilin da ya sa ake yawan ganin allunan wayar da kai a ƙauyukanmu ɗauke da mutanen da ba su yi kama da kowa a ƙauyen ba.

Sati biyu a gindin inji

Mai tuƙa babban injin dattijo ne da ya fara aiki tun ana jera haruffan dalma da hannu. Na raka ta ranar farko. Ya saurari bayaninta har ƙarshe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Ɗiyata, ke gilashi kika yi wa fenti, ni kuwa takarda aka ba ni." Ya yago guntun takarda mai sheƙi da guntun marar sheƙi, ya ɗiga wa kowanne ruwa daga butarsa. A kan na farko ɗigon ya tsaya kamar ƙwayar tasbaha, a kan na biyu ya baje ya yi tabo mai faɗin ƙwandala. Ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta ce, "Baba, ai wannan fatar tunkiya ce." Bai gane abin da take nufi ba sai da ta ba shi labarin rumfar mahaifinta, daga nan hira ta buɗe.

Dabarar da ta fi yi mata amfani shi ya kawo ta. Kowane babban falle da ya shiga inji yana da gefe da za a yanke a zubar. Ya ce ta haɗo masa launukan fata guda 12 a ƙananan gidaje, kowane da lambobin haɗinsa a ƙasa, ya saka su a gefen wani aiki da ake bugawa a irin takardar tamu. Washegari ya miƙa mata zirin takarda mai tsawon kamu ɗaya. Biyar daga cikin launukan da take alfahari da su a kwamfuta sun fito kusan iri ɗaya, baƙi mai laka. Uku da take ganin sun yi haske fiye da kima su ne suka fito da launin mutanen da muke gani kullum a kasuwar Katako.

Da wannan ziri a gabanta ta sake shafukan. Ta ware baƙin layi da rubutu a hawa na kansu, baƙi tsantsa daga faranti ɗaya, a ɗora shi a kan sauran. Ta cire kusan duk baƙar tawada daga fata, ta gina launin da rawaya da ja da ɗan shuɗi, inuwar fuska kuma ta yi ta da ƙarin shuɗi da ja maimakon baƙi, ta yadda fatar ta ci gaba da zama baƙar fata amma tana numfashi. Daren ta sauya shi zuwa shuɗi mai ruwan shunayya wanda ya fi na farko haske nesa ba kusa ba, domin ta gane cewa mai karatu zai yarda dare ne muddin launukan sun yi sanyi, ba sai sun yi duhu ba. Da izinin mai zane ta ƙara tocila a hannun uwar, abin da kowace uwa a karkara take da shi a gindin gado, sai hasken ya ba ta hujjar zana siririn layi mai ɗumi a kan kumatu da goshi. A shafi na 16 ta sa farin zane a bayan hannayen biyu, ta kuma nisanta su a haske da duhu, don ko da ja ya gaza a inji, bambancin ya tsira. Duk wannan da rana ta yi shi, kusa da taga, bayan ta rage hasken kwamfutar har farinta ya yi daidai da farin takardar da ke hannunta.

Ranar bugu tana tsaye a bakin inji. Dattijon ya zaro falle na farko, suka fita waje da shi suka duba a hasken rana, ta nemi a rage ja kaɗan, ya juya makullan tawada, ya zaro wani. A falle na huɗu ta sa hannu. An buga adadin da bai kai na farko ba saboda kuɗi sun yi ƙasa, kuma littafin ya isa wasu ƙauyuka bayan ruwa ya riga ya sauka. An biya ta ragowar kuɗinta, ba a ba ta ko dala ba a kan sati biyun da ta yi tana gyara. Sunanta ya shiga shafin ciki da ƙananan haruffa, a ƙarƙashin na maɗaba'a.

Inda sana'ar ta kai ta

Tun daga nan ba ta karɓar aiki sai da sharuɗɗa a rubuce. Sai an ba ta guntun takardar da za a buga a kai, sai an yarda ita za ta juya launukan da kanta, sai ta ga falle daga babban inji kafin a ci gaba, gyara sau biyu ne cikin kuɗin farko, kuma sunanta yana tare da na mai zane. Wasu sun ga abin ya yi yawa ga mai cike gurabe, suka koma wurin yaran shago da ke yi da araha. Wasu kuma, musamman waɗanda suka taɓa yin asarar bugu, su suke nemanta, har maɗaba'u biyu suna turo mata masu aiki don ta duba musu fayil kafin a ƙona faranti. Wannan dubawa, wadda ba ta cikin abin da ta yi mafarkin yi, yanzu tana cikin abin da ke biyan kuɗin hayar ɗakinta.

Littattafan ƙungiyoyi ba sa zuwa kullum, don haka ta nemi aiki a waje ta intanet. Abin da ta samu shi ne yi wa wata mai sa launi a Turai shimfiɗa. Littafin bede na can yakan kai shafin zane 46, ana biya a kan kowane shafi da yuro, kuma da yake yuro ɗaya a tsaye yake a kan kusan sefa 656, tana iya lissafin abin da za ta samu tun kafin ta fara. Aikin yana da nasa haɗari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, takunkumin ƙasashen yankin kuma ya wahalar da shigowar kuɗi har zuwa Fabrairun 2024, a cikin wannan tsakani ta kasa cika alƙawarin lokaci sau biyu, ta rasa wani mai ba ta aiki. Da kuɗin littafi na gaba ta sayi farantin sola da batir. Masu shimfiɗa kuma ba kasafai ake rubuta sunansu ba, ga shi manhajoji sun fara iya yin shimfiɗar da kansu, ko da yake har yanzu suna rikicewa a inda layin mai zane bai rufe ba. Ta san cewa wannan ɓangaren na sana'ar shi zai fara ƙafewa. Ta ce tana riƙe da shi ne kamar yadda manomi ke riƙe da aikin ci-rani.

Abin da take tara wa ƙarfi shi ne wani littafi nasu na kansu, ita da mai zanen nan, labarin da ke faruwa a wani ƙauyen Adar daga farkon hunturu zuwa faɗuwar ruwa, inda take son launin ƙasa da na sama su riƙa canzawa a hankali har mai karatu ya ji shigowar damina kafin a faɗa masa. Sun gama shafi 11, ba su da mai ɗaukar nauyin bugu tukuna. Da na je wurinta kwanan baya na tarar zirin takardar nan yana manne a gefen kwamfutarta, launukansa sun fara koɗewa saboda hasken taga. Ta ce ko bai koɗe ba ya daina aiki, don maɗaba'ar ta canza inda take sayen takarda, sabuwar ta fi tsohuwar fari, ta kuma fi ta shan tawada. Ta riga ta haɗa sababbin gidaje, 16 wannan karon, har da shuɗin rawanin turkuɗi da ya daɗe yana ba ta wahala, tana jiran Baba ya kira ta ranar da zai sami aikin da ke da faɗin gefe.